Kurar Maƙwabcinmu

Shekarun baya masu yawa, tun Turawa ba su tattara nasu-ya-nasu ba, na yi aiki ƙarƙashin wani Bature likitan dabbobi mai binciken cututtukan namun daji. Aikina shi ne in ɗana tarko a bayan Ƙofar Dawanau, in kamo dila ko yanyawa, in ɗebi jininsu, in feɗe wanda ya mutu. A lokacin ciwon haukan kare ya addabi ƙauyukan kewaye, Baturen kuma yana zargin daga daji yake shigowa. Ni dai ina ji da kaina, ga farar riga ga keke. Mahaifiyata kuwa, in aka tambaye ta sana'ata, sai ta ce, "Mahauci ne, sai dai ba a cin namansa."

A unguwarmu ta Ƙofar Na'isa akwai wani dattijo gardi, mai wasa da kura. Tun tana 'yar ƙarama ya ɗauko ta daga rami, ya raine ta a wani kango jikin badala. Da ita yake zaga kasuwanni yana sayar da magani, da ita ya riƙe iyalinsa. In aka tsokane shi da cewa kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, sai ya ce shi tasa bai taɓa ɗaga mata sanda ba.

Wata rana mahaifiyata ta ce min kurar ta daina cin abinci, sai dalalar da miyau, har ta ciji dattijon a hannu yana sa mata takunkumi. Nan take na zargi ciwon haukan kare, don na san ba da daɗewa ba wani kare ya yayyage kurar a ƙauye. Na je na same shi zaune bakin kangon, ya ɗaure hannu da tsumma.

Na ce, "Baba, sai an yi maka allura, ita kuma sai an duba ta."

Ya ce, "Malam, ni na sha maganin cizo tun ba a haife ka ba. Amma ka duba ta, ai aikinka ne."

Sai dai duba ta ba abu ne mai sauƙi ba. A zamanin ba a gane wannan ciwo sai an kashe dabbar an duba ƙwaƙwalwarta a madubin likita. Kuma ƙa'idar aikinmu ce, ba a sa hannu a bakin dabbar da ake zargi. Da Baturen ya zo, ya ce ba wanda ya san tsawon lokacin da ciwon ke ɓoyewa a jikin kura, ga kuma gidajen mutane kewaye da kangon.

Sai da na yi ta sintiri kafin dattijon ya yarda a kashe ta. Abin da ya karya shi, na ce masa, "Baba, in ta tsinke sarƙa ta shiga gidan wani fa?" Sai ya ce to. Allurar ma ya amince. Abu guda ya roƙa, kada ta mutu da takunkumi. Shi ya shiga ya kwance mata da hannunsa mai lafiya, ya fito ya bi lungu ya tafi kafin a harba bindiga.

Ni na yanke kan, don a aika ɗakin bincike a jirgin ƙasa. Ina buɗe bakin sai na ga wani guntun ƙashi ya kafe a can cikin maƙogwaro, wurin ya kumbura ya yi ruwa. Wallahi wannan kaɗai ya isa ya hana ta ci, ya sa ta dalalar da miyau. Na nuna wa Baturen, ya daɗe yana kallo, ya ce mu jira sakamako tukuna. Sakamakon ya zo, babu alamar ciwon.

Mahaifiyata ta ce in bar maganar, tunda ba za ta dawo da komai ba. Na kasa. Bayan la'asar na same shi a zaurensa na faɗa masa duka, har da ƙashin. Na zaci zai zage ni, da ma ya zage nin.

Ya ce, "Wato ba hauka ta yi ba?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "Alhamdulillahi. Abin da ya hana ni barci ke nan. Ashe da ta cije ni, ciwo take nuna min. Ni ne ban gane ba."

Bai sake riƙe wata kura ba, ya koma saƙar igiya har Allah Ya karɓi ransa.

Na yi shekaru a wannan aiki, kuma har gobe ba zan ce ƙa'idar kuskure ce ba. Da ciwon haukan ne, da an rasa rayuka. Sai dai tun daga ranar na san mutum yana iya yin daidai, ya kuma bar wani da asarar da ba ta ramuwa. Ni na kawo maganar, ni na matsa, ni na riƙe wuƙar, amma a ƙarshe dattijon kansa ya ɗora wa laifin. Wannan ne har yau yake min ciwo.