Takardar Shaidar da Ka Nema, Kawu

Da hantsin ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Mayu, 'yarka ta kira ni ta ce Allah Ya karɓi abinsa. Nasa muke, wurinsa za mu koma. Na ajiye waya na dubi teburina, ga takardar da ka roƙe ni in rubuta maka, layi biyu kawai na yi.

Kawu, shekara tara ke nan ina turo maka ɗalibaina na ajin rubutu na ranar Asabar. Duk wanda zai nemi gurbi a makarantar koyon rubutun labari, shagonka yake zuwa: kwamfuta biyu, benci ɗaya, da fankar da ba ta juyawa sai an zungure ta da sanda. Kai kake buga musu labarin gwaji, ka cike musu fom. Amma ba ka taɓa danna maɓallin aikawa da kanka ba. Sai ka ja kujera baya, ka ce mai labari ya zo ya danna. Akwai wata ɗalibata mai sayar da magani, sau uku tana zuwa tana komawa da takardunta don tsoro. A zuwa na huɗu ka ɗauke takalmanta daga bakin ƙofa ka tura ƙarƙashin tebur, ka ce sai ta aika za ta gan su. Ta danna tana hawaye. Yanzu littafinta na biyu take rubutawa.

Ban san kai ma kana rubutu ba sai bana. Ka bari mutane suka watse, ka miƙo mini ambulan da hannu biyu, idonka a ƙasa. Labarin mahaifinka ne, mai gyaran agogo, da ranar da idonsa ya fara kasa ganin ƙananan kusoshi. Sai dai ka tsara shi kamar wasiƙar ofis: adireshi a sama, kwanan wata, kan magana an ja masa layi, a ƙarshe "naku mai biyayya" da sa hannu. Na yi dariya har na ji kunya. Shekara talatin kana buga takardun koke da na neman aiki, hannunka bai san wata hanya ba.

Ka ce, "Malama, ni ma makarantar nan nake so in nema, amma ina da shekara sittin da ɗaya fa. Ba za su ce jikata na rako ba?"

Na ce su faɗi abin da suka ga dama, mu dai mu cire adireshin. Ka yarda da duk gyarana, ban da sa hannun. Ka ce abin da ya shafi mahaifinka ba za ka bar shi babu sunan mai shi ba.

Abu ɗaya ya rage, takardar shaida daga malami. Na ce sati mai zuwa. Jarrabawar ɗalibai ta taso, na sake cewa sati mai zuwa. Ba ka taɓa tuna mini ba. In na wuce ta gaban shago, hannu kawai kake ɗagawa ka tambayi mutanen gida. Ni kuwa gani nake da sauran lokaci, tunda sai ƙarshen wata za a rufe karɓar fom.

Jiya 'yarka ta buɗe mini shagon. Fom ɗin yana nan a cike, gurbi ɗaya ne fayau, nawa. Na daɗe zaune a bencin nan, ina jiran in ji ƙarar kujerarka.

To ga shaidata, Kawu, ko da yake babu inda zan aika ta. Na san mutumin nan shekara tara. Marubuci ne. Labarinsa ya sa na tafi gida na zauna kusa da mahaifina har la'asar ba tare da wani dalili ba. Da kun ɗauke shi, da kun ji daɗinsa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya karɓe ka ba tare da jira ba. Ya ba mai ɗakinka da 'yarka da ƙannenka haƙurin rashinka. Ranar Asabar zan karanta wa ajinmu labarin, da sa hannunka a ƙasa yadda ka bar shi.