Idon Daruma Na Biyu Na Nagamine Ne

Kullum da safe, kafin ma'aikata su gama motsa jiki a farfajiyar masana'anta, Nagamine Tokue ta riga ta ɗaure kai da tawul, ta rarrafa cikin wutsiyar jirgin saman gwajin nan, ƙaramin da ake ƙerawa don kwaso marasa lafiya daga tsibirai. Aikinta tokare ƙusa da guntun ƙarfe daga ciki, abokin aikinta Hamasaki na bugawa da bindigar iska daga waje. Shi ake gani, shi ke fitowa a hoto, kuma abin ya bi jikinsa.

Ranar da aka soma aikin an sayo daruma, jar 'yar tsanar nan marar idanu ta neman sa'a. Shugaba ya zana ido ɗaya, na biyun sai ranar da jirgi ya tashi. Hamasaki ya ƙwallafa rai shi za a miƙa wa burushin, har gwada hannu yake yi a gida a kan bawon lemo.

Amma kowa ya ga lokacin zafi, da aka yi ta sauya fasalin wutsiya. Nagamine ce ke fitowa sharkaf da gumi, ta kurɓi shayin sha'ir ta koma.

Jirgi ya tashi, ya sauka lafiya. Shugaba ya ɗaga burushi ya kira sunanta. Ƙyashi ya turnuƙe Hamasaki.

"Wato mu bugun banza muka yi ta yi ke nan?" ya ce wa matuƙin jirgin.

"Kai dai yi tafi, Hamasaki-san, ana ɗaukar hoto."

Aka sake kira, Nagamine na can tana kallon jirgi, ko waiwaye. Hamasaki ya san dalili: ƙarar bindigarsa ce, shekara da shekaru, ta cinye mata kunne. Ya je ya kafa baki a kunnenta.

"Ke ake kira, tsohuwa. Je ki kafin in karɓe."

"Me ka ce?"

Ya ja ta da hannun riga har gaban shugaba. Ya yi tafi, amma ya ce har yau abin na sukarsa.

Nagamine-san, ke ce ta ciki, mai riƙewa a buga. Watan nan za ki ajiye aiki. Mu abokan aikinki mun gode, kuma mun rubuta ne don mu tabbata saƙon ya iso ki. Matasa, a samu mai shiga wutsiyar nan a bayanta.