Abin da Yaya Hajara ta gani a wurin wankan gawa

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Hajara, wadda ta daɗe tana wankan gawar mata a Mawashi, garinmu da ke ƙasar Kusada. Na rubuta wannan ne don in faɗa a gaban jama'a cewa ita ce da gaskiya, ni na yi kuskure.

Ita ta wanke innarmu, ta wanke ƙanwar inna, daga baya ta wanke ɗiyar ƙanwar. Bayan ta ukun ta iske ni a zaure, ta ce, "Sale, ƙullutu iri ɗaya na taɓa a ƙirjin su ukun nan. Ka kai 'yan matanka a duba su."

Na daka mata tsawa, na ce mai wanka ba ta tona asirin mamaci. Haka aka koya mana, amma ranar ba addini nake karewa ba. Tsoro nake kada a ce gidanmu da ciwo a jini. Ta dube ni ta ce, "To, na ji, babban malami." Da ciwon ya zo kanta, ta ɓoye shi har ya fashe, don na riga na rufe mata baki.

Damina uku da suka wuce, ɗiyata Binta ta gaya wa uwarta ta ji wani abu kamar ƙwayar gyaɗa a ƙirjinta. Washegari muna asibiti a Kankia, suka tura mu Katsina. A gaban likita na lissafa mamatanmu huɗu da bakina, har da Yaya. Likitar ta ce ba kowane ciwon daji ake gado ba, amma wannan labarin ya isa a gaggauta.

Ni iyakata firamare, sai ta bi da ni a hankali. Ta ce akwai wata ƙwayar halitta a jiki mai aikin taimako: idan sinadarin jikin mace ya kawo saƙon tsoka ta girma, ita ke ƙara wa saƙon ƙarfi. In ta yi yawa, a wasu matan girman ba ya tsayawa. Aka yi wa Binta aiki, aka ɗora ta kan maganin da ke tare saƙon.

Da Yaya za ta ga matan zuri'armu yau, sun cika mota daga Kusada za su je a duba su, na san abin da za ta ce: "Sale, sai da mai farar riga ta faɗa ka yarda?"

Yaya ba ta bar gona ba, ba ta bar ɗa ba. Amma Binta ta roro wakenta bana da hannunta, jiya ma ta aiko mini da ƙosai. Allah ya jiƙan Hajara, ya yafe mini tsawar nan.