Gawon Gonar Kakana

Matso kusa ka ji, wannan labarin ba na ɗaga murya ba ne.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, babana ya samu aikin gwamnati a Ƙanƙara, ya yi gidan siminti da rufin kwano. Sai ƙafa ta kwantar da kakana a Pauwa, aka ɗauko shi a bayan mota aka kawo mana. Ɗaki mai kyau aka ba shi, har da rediyo. Tsohon nan ya juya wa rediyon baya, ya juya wa tuwo baya. Fura ma sai ya kurɓa sau biyu ya ture. Kullum maganarsa ɗaya, gonarsa da ke gindin dutse. Yana ta ramewa muna kallo.

Ni aji uku na yi na zauna gida, amma yayata tana kwalejin horon malamai. Da ta zo hutun damina ta zo da wani ɗan gwangwani mai faɗi, cikinsa kaloli a jere kamar ƙananan sabulai, da burushi siriri. Ta ce da ruwa ake zane da su. Na ce koya mini, gonar Baba Tsoho zan zana masa.

Ta ce, "Ke da ko layi ba ki iya ja ba?"

Na ce, "Ina zana ƙunshi a ƙafarki ai, ba ki taɓa ƙorafi ba."

Ta koya mini. A fara shafa wa takarda ruwa kaɗan. A fara da sama, a sauko ƙasa. Abin da ke nesa a yi shi dishi-dishi, na kusa shi ke da duhu. Kuma a jira ya bushe. Wannan jiran ne ya fi ƙarfina. Na farko na dama kala kamar kunun tsamiya, sama ta zubo kan dutse, dutse ya zubo cikin gero. Na biyu na goga har takardar ta huje. Yayata ta ƙirga takardunta ta ce saura uku, in na ɓata su sai dai in koma bango.

Na huɗu ne ya yi kama da wani abu. Ga hadari, ga dutse can baya, ga gero ya yi kore shar. A tsakiya na sa babban gawon da yake yawan ambata, na cika shi da ganye don ya ji daɗi.

Na kai masa da hantsi. Na ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, tashi ga gonarka na kawo maka."

Ya karɓa, ya kai kusa da ido, ya daɗe. Ni har na fara jiran yabo.

Sai ya ce, "Amarya, wanga wane itace ne?"

"Gawonka mana."

Dariyar da ya yi har da tari, sai da innata ta leƙo. Tun zuwansa ba mu ji dariyarsa ba.

"Gawo da ganye ga damina? Ɗiyar birni! Shi da ruwa ya sauka yake tuɓewa, ya bar wa gero rana. Sai rani ya sa riga. Da haka yake, mi zan girba a ƙarƙashinsa?"

Na ji haushi. Na ce to bari in goge. Yayata daga bakin ƙofa ta ce ba ya goguwa, in duhu ya hau takarda ya hau kenan, sai dai a sake.

Ya ce, "A sake, amma a gabana. Ba a noma gonar mutum a bayan idonsa."

Ya yi yunƙurin tashi zaune, hannuwa suka ƙi. Innata ta tura masa ƙwaryar fura. Ya harare ta, ya ɗauki ludayi, ya shanye tas.

Kwana uku muka yi a kan takarda ɗaya. Shi ne ma ya fi ni iya jira. In na kai hannu ya ce, "Bari ta sha iska, ba a shiga gona da laka." Ya sa na karkatar da dutsen hagu, na ƙara jan ƙasa a bakin rafi. Gawon kuwa da bakin burushi na ja shi, rassa tsirara, yana faɗin inda kowane ya nufa. Tuwon dare ya dawo, don wai mai duba aiki ba ya zama da yunwa.

Bai sake taka Pauwa ba, amma ya ƙara damina biyu tare da mu, takardar tana soke a jikin bango daidai kansa. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya nuna masa iyakar gonar da yatsa.

Kai fa, da za a miƙo maka burushi a ce zana garinku, wa za ka zaunar kusa da kai ya riƙa gyara maka?