Gudumar Soso da Tafiyar Babana

Shekarun baya, lokacin da aka fara tarukan kosfile a nan Jidda, na ɗauki ƙafata na je na sa suna a gasar mutum ɗaya. Ga wanda bai sani ba, ƙa'idar ita ce ka haɗa kayan wani jarumin zane ko na wasan bidiyo da hannunka, ka hau dandamali kai kaɗai, a ba ka minti uku ka sa mutane su yarda shi ne a gabansu. Ni wata maƙeriya 'yar yaƙi na zaɓa, mai sulke tun daga kai har ƙafa, da gudumar da ta fi ta tsayi.

Wata biyu na yi a saman benenmu na unguwar Kurayyat ina yankan soso, ina liƙi, ina fenti. Gudumar ta fito har ni da na yi ta ina ɗan jin tsoronta. In ka gan ta jingine da bango sai ka rantse ƙarfe ne, alhali nauyinta bai kai na matashin kai ba. Na tsara wa kaina juyi goma sha biyu da tsalle biyu, ina ganin na gama da kowa.

Saura kwana goma ƙawata ta zo ta ɗauke ni a waya. Ta kalli bidiyon, ta cije leɓe, ta ce, "Habibti, kayan kam mashaAllah. Bas, sai dai wallahi kamar kina korar ƙuda da tsintsiya."

Na ji haushi sosai, sai da na karɓi wayar na ga gaskiyarta. Ko jariri ya san soso nake wujijjigawa, kuma in aka gane haka a zauren gasa, wahalar wata biyun nan ta tafi a banza. Sai na kawo dabarar masu ilimi: na ɗura wa kan gudumar yashi. A juyi na biyu sandar ta lanƙwashe, yashin ya watsu a kan shanyar mahaifiyata. Ban yi nasara ba, amma na sha faɗa mai inganci.

Ranar Juma'a bayan la'asar ina zaune ina gyaran ɓarnar, sai ga mahaifina ya hawo shan iska. Ɗan dako ne. Shekara talatin ya yi yana sauke buhunan shinkafa da sukari a ɗakunan ajiya na wajen tashar jirgin ruwa, har likita ya hana shi ɗaukar ko jarkar ruwa saboda ciwon baya. Bari in faɗi abin da ban cika faɗa ba: a makaranta in aka tambaye ni aikin babana, cewa nake yana harkar shinkafa. Ba ƙarya ba ce, amma ni na san abin da nake ɓoyewa.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya dubi fuskata ya ce, "Uwata, wa ya taɓa ki?"

Na yi masa bayani ina tsammanin zai ce in bar wasan yara. Sai kawai ya tambaye ni, "Da ta gaske ce, nauyinta nawa?"

"Kamar buhu biyu na shinkafa, Baba."

"Tayyib. Ajiye ta nan."

Bai taɓa ta nan take ba. Zagaya ta ya yi yana kallo. Ya goge tafukansa a jikin jallabiyarsa, ya gyara tsayuwar ƙafafunsa, ya kama sandar ya ɗan jijjiga kamar mai tambayarta, sannan ya sake ta. Ya ja numfashi. Na ji bismillah a ƙasan maƙoshinsa. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, jijiyar wuyansa ta tashi, gudumar ta bar ƙasa a hankali a hankali, kamar ƙasar ba ta son sakinta. Da ta sauka a kafaɗarsa sai duk jikinsa ya nutse kaɗan. Ya yi taku ɗaya gajere, idonsa a ƙasa, ya ƙara wani.

Daidai nan mahaifiyata ta hawo da kwandon wanki. Ta saki kwandon ta kwarma ihu: "Innalillahi! Malam, bayanka! Ajiye, ajiye!"

Ita ce fa da safen nan ta ɗauke gudumar da hannu ɗaya ta share ƙarƙashinta. Amma ta gan shi, ta manta. Ni kuwa tsigar jikina ce ta tashi, bakina a buɗe. Na sha kallon gwanayen wasa a waya, ban taɓa ganin wanda ya sa soso ya yi nauyi da numfashi kawai ba, kuma mutumin nan a gidanmu yake kwana tun kafin a haife ni.

Ya sauke ta sannu, yana dariya. Da na nuna masa tsarina a takarda ya girgiza kai. "Goma sha biyu? Ya binti, 'yata, abu mai nauyi haka sau ɗaya za ki iya sara da shi. Ki zaɓi wurin. Sauran lokacin ɗauka ne da tafiya da saukewa. Yalla, tashi."

Na yaga takardar. Kwana tara kullum bayan la'asar yana kan kujerar roba yana ba da umarni. "Kin yi sauri." "Kada ki kalli mutane, mai kaya ƙasa yake kallo." "Haka za ki sauke? Halas, shi ke nan, kin karya ƙugunki." Ni kuma na daina sauraron bakinsa kawai, na koma kallon jikinsa, har yadda yake sauka daga bene.

Ranar gasa wanda ya riga ni hawa ya yi ta tsalle da takubba biyu ana ta ihu. Ni na fito, na ɓata kusan minti guda ina zagaya guduma. Cikin kwalkwali gumi na shiga mini ido, zuciyata na cewa yau kin kunyata. Na yi bismillah na ɗaga. Sai na ji zauren ya yi tsit. Na yi tafiyata, na yi sarana guda ɗaya tare da bugun gangar kiɗan da aka sa mini, na ga wata mata a layin gaba ta janye ƙafafunta. Da na sauke, tafin ya zo kamar ruwan sama a kan kwano. Na biyu na zo, kuma har yau ban ji zafin hakan ba.

Baba bai je ba, ya ce zaman kujerun nan ba na bayansa ba ne. Washegari na miƙa masa bidiyon. Yana cikin kallo ya ce, "Wannan karkatar ta hagu fa? Ni ban koya miki ita ba."

Mahaifiyata ta ce, "Shekara ashirin kana yin ta, Malam."

Ya sa na mayar baya. Ya sake kallo, ya kai hannu ya dafa ƙugunsa. "Ashe haka nake tafiya," ya ce. Da aka zo wurin tafin bai bar ni na tsayar ba, sai da ya ji shi har ƙarshe. Na ce, "Baba, kai suke tafa wa." Ya dai ce in ƙara mayarwa.

Har yau in na ga ɗan dako a kasuwa zai ɗaga kaya, sai na tsaya na kalla, don na san yawan ilimin da ke cikin daƙiƙun nan. Kunyar da nake ji yanzu ta amsar da na riƙa bayarwa a makaranta ce. Gudumar tana ɗakin Baba, fentinta duk ya ɓare, ya hana a zubar. In baƙo ya tambaya, cewa yake ta Uwata ce. Ni kuma in aka tambaye ni wa ya koya mini wasa, ina cewa babana, ɗan dako ne.