Darasin Zaitun a Ajin Malama Rifkatu

Duk lokacin da sababbin malamai suka tambaye ni yadda ake duba darasi, ranar da muka je reshenmu na Kurfi ce take faɗo mini a rai. A lokacin ni ne mataimakin shugaba mai kula da karatu a wata makarantar kuɗi da ke Dutsin-Ma, saura kaɗan in yi ritaya. Ƙa'idar aikin ba ta da wuya. Mai dubawa yakan zauna a bayan aji, ya gwada abin da ake koyarwa da manhaja, ba ya cewa uffan. In akwai gyara, sai an koma ofis, daga shi sai malamin.

Muna da 'yan ɗalibai Kirista a Kurfi, 'ya'yan 'yan sanda da 'yan kasuwa, kuma Malama Rifkatu ce take koya musu addininsu. Bahaushiya ce, iyayenta suna Dutsin-Ma. A kwanakin nan rediyo ba ta da labari sai yaƙin Gabas ta Tsakiya, zukata duk sun yi zafi. Sai wani uba ya kai wa mai makarantar, Alhaji Lawal, ƙara cewa yaronsa ya ji ta taga ana yabon Yahudawa a ajinta. Na ce zan je in duba. Alhaji ya ce ƙafata ƙafarsa.

Mun tarar tana ci gaba da darasin. Ta zana itacen zaitun a allo, tana kwatanta shi da mangwaro ɗan aure. Ta ce a littafinsu, saiwar ita ce alkawarin da Allah ya yi wa Ibrahim da zuriyarsa, su kuwa Kiristocin sauran al'ummai reshe ne da aka ɗaura daga baya, don haka bai kamata su yi wa Yahudawa fahariya ba. Wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Malama, to su za su sami ceto?"

Ta ce, "Yesu kansa a cikinsu aka haife shi, haka mahaifiyarsa da almajiransa. Mu mun gaskata ceto ta wurinsa yake. Amma malamanmu sun saɓa. Wasu sun ce ikilisiya, wato jama'ar Kirista, ta maye gurbinsu, wasu sun ce Allah ba ya janye alkawari, zai komo da su a lokacinsa. Ku san duka biyun."

Sai na ji kujerar Alhaji ta motsa. Ya taka har gaban allo.

"Ki faɗa wa yaran nan Yahudawa la'anannu ne, a wuce wurin."

"Ranka ya daɗe, ba haka aka koya mini ba," in ji ta. "Yaran da ake kashewa a yaƙin ni ma suna sa ni kuka. Amma darasin nan ba na gwamnatin wata ƙasa ba ne."

Na matsa kusa na ce a hankali, "Alhaji, a ofis ake yin wannan." Ko kallona bai yi ba. Ya ɗauki tsumma ya goge zanen, ya ce ta tattara kayanta. Ta tattara, ta ce wa ɗaliban su karanta shafi na gaba, ta fita. Yaran suka juyo suna kallona. Ban taɓa jin rigata ta yi mini nauyi kamar ranar ba.

Washegari na bayyana wa Alhaji cewa darasin yana cikin manhaja, kuma ba ta taɓa addinin kowa ba. Na ce da ɗanmu ne yake karatu a wani gari, aka tsayar da malaminsa na Islamiyya aka ce ya sauya aƙida a gaban aji, da ba mu yi barci ba. Duk da haka bai janye korar ba. Da jarrabawa ta matso aka rasa mai koyarwa, sai ya ce in je in dawo da ita.

Mahaifinta, tsohon ma'aikacin jinya, shi ya tarbe ni a zaure. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo fura, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na kasa haɗa ido da shi, na ba da haƙuri da bakina, domin Alhaji bai aiko da ko kalma ɗaya ba.

Malama Rifkatu ta fito ta gaishe ni. Ta ce, "Baba Malam, zan je in ƙarasa wa yaran zangon nan, don ba su yi mini komai ba. Daga nan sai ku nemi wani." Haka kuwa ta yi. Ɗalibanta suka zauna jarrabawa, ita kuma ta koma wata makaranta.

Abin da nake gaya wa sababbin malaman shi ne, ƙa'idar yin shiru a bayan aji ba don takarda aka yi ta ba, don mutuncin malami ne. Ni ban yarda da aƙidarta ba, ita ma ba ta nemi in yarda ba. An ɗauke ta aiki ne ta koyar da addininta da gaskiya, kuma a kan hakan muka wulaƙanta ta. Tun daga ranar ban ƙara barin kowa ya bi ni duba darasi ba, ko da shi ne mai makarantar.