Kalmar da Kawu Ƙamus Ya Ɗauko a Asibiti

Kawuna mai gyaran rediyo ne, kuma duk layinmu ba mai kiransa da sunansa na yanka. Ƙamus ake ce masa. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai walda da mai sayar da katifa, teburinsa kullum cike da wayoyi da ƙananan kusoshi da guntayen dalma. Bai yi nisa a boko ba. Yana farkon sakandare mahaifinsa ya rasu, dole ya kama sana'a. Amma son Turanci bai sake shi ba.

In ya gama gyara rediyo sai ya murɗa ta zuwa tashar Turanci, wai gwaji yake yi, gwajin kuwa yakan ci rabin yini. Da ya ji kalmar da bai sani ba sai ya goge hannu a riga, ya jawo wani tsohon ƙamus da bangonsa ya daɗe da ɓallewa. Ma'anar farko kawai yake dubawa ya rufe. Ƙananan kalmomi ba sa burge shi, manya yake so, masu cika baki. Mai walda yakan ce in Kawu ya gaishe ka da safe, sai rana ta take kake gane ba zagi ba ne.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ce ɗalibarsa ta dole. Kowace yamma da sabuwar kalma yake shigowa gida, kamar tsaraba. Inna ba ta jin Turanci ko kaɗan, amma takan tsayar da keken ɗinkinta ta saurara, ta maimaita, ta karya kalmar gida uku, su yi ta dariya. Ran da ya ce mata ita magnanimous ce, wato mai yalwar zuciya, cewa ta yi in dai ba a biyan haraji a kai ta karɓa.

Suna cikin haka ciwon ciki ya kama Inna. Aka yi mata aiki, aka yi ta magani, tana ta ramewa. Likitar da ke duba ta matashiya ce mai kirki, kuma da yake Kawu da zunzurutun Turanci yake gaishe ta, ita ma da Turanci take yi masa bayani. Wata safiya ta zaunar da shi ta yi magana a hankali, ta ce daga yanzu kulawar da za a ba Inna palliative ce. Kawu bai san kalmar ba, kunya kuma ta hana shi tambaya. Ya gyaɗa kai, ya yi godiya.

Daga asibiti shago ya wuce. Ƙamus ya ce masa: abin da ke sassauta zafin ciwo. Nan take ya kira 'yan'uwa yana albishir an samo maganin da zai kawo sauƙi.

Washegari na raka shi asibiti. Yana tsokanar Inna wai ta shirya, ɗinkin mutane na jiranta, sai wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ta yafito shi zuwa baranda. Ta tambaye shi abin da likita ta ce, ya maimaita mata har da fassara.

"Baba, fassararka daidai ce," in ji ta. "Amma mu nan ba ma faɗin kalmar sai an kai inda magani ba zai warkar ba. Zafin kawai za mu riƙa rage mata."

Kawu ya zauna a kan benci, ya cire hularsa yana juya ta a hannu. Da muka koma ciki ya rasa ta inda zai fara, Inna ta hutar da shi.

"Malam, na sani tun jiya. Ni fuskar likita na karanta. Na ga kana murna ne na ƙyale ka."

Daga baya ya sake buɗe shafin. Bayanin yana nan a ƙarshen layin, da misali a ƙasa cikin ƙaramin rubutu, irin wanda ya saba tsallakewa duk tsawon shekarun nan.

Aka dawo da Inna gida. Kawu ya so ya jingine ƙamus gaba ɗaya, ita ta hana. Ta ce gidan ya yi shiru da yawa, ya ci gaba da kawo mata tsarabarta. Ya ci gaba, sai dai yanzu in ya kawo kalma yakan karanta misalan duka, ya gaya mata wa ke faɗinta, ga wa, kuma a wane hali. Wani lokaci barci kan ɗauke ta kafin ya gama. Ta yi 'yan watanni, ta rasu a ɗakinta, yana gefenta.

Yanzu Kawu ya tsufa, rediyo ma ta ragu, fitilu da fankoki ya fi gyarawa. Ya fi da can sanin Turanci nesa ba kusa ba, amma ya rage zuba shi. Maƙwabta sukan kawo masa sakamakon asibiti ya duba musu. Yakan faɗi abin da ya fahimta, sannan ya ce lallai a koma wurin likita a nemi bayani da harshen da ake ji.

Kwanan baya matar mai katifa ta kawo na mijinta, ta ce ita nauyin tambayar likita take ji. Kawu ya karanta sau biyu, ya kashe fankar da yake gwadawa, ya ja ƙofar shago ya sa kwaɗo, ya ce ta wuce gaba su je tare.